Yadda Kwamfuta Ta Shiga Masana'antar Zuba Roba, da Abin da Ba Ta Iya Gyarawa

Kifa bokitin roba ka duba gindinsa. A tsakiya za ka ga wani ɗan tabo zagayayye, wani lokaci har da ɗan tsini. Ta nan narkakkiyar roba ta shiga mazubin ƙarfe ranar da aka yi shi. Irin wannan tabo yana jikin kujerar roba, murfin gorar ruwa, mataji, kofi, sirinji, kwandon kaya, bayan rimot, da sassa masu yawa na cikin mota. Duk hanya ɗaya suka biyo: a narkar da roba, a danna ta cikin mazubi, ta huce, a fitar. Ita gorar ruwan kanta da jarka hura su ake yi da iska, leda kuwa jan ta ake yi, waɗannan wasu layuka ne daban. Maganarmu a kan injin dannawa ne, wanda a 'yan shekarun nan ake ta cewa ya koma mai tunani.

A baki aikin ba wuya. Ana zuba ƙwayoyin roba ta mazurari, su gangara cikin dogon bututun ƙarfe da aka naɗe da hita. A cikin bututun akwai sukuru, doguwar sanda mai zare, yana juyawa yana murza ƙwayoyin yana tura su gaba har su narke. Robar da ake yin bokiti da kujera da ita, wadda 'yan kasuwar ke kira PP, sai zafi ya haura digiri 200 take gudana yadda ake so. Idan narkakkiyar ta taru a gaba, sukurun ya daina juyawa, ya ingiza ta cikin mazubi a ƙiftawar ido. Daga nan ba a saki nan take ba, ana ci gaba da dannawa na ɗan lokaci, domin roba tana tsukewa idan tana hucewa, dole a ƙara mata ciko. Ruwan sanyi yana zagayawa ta ramukan da aka huda a jikin mazubin, kayan ya sandare, mazubin ya buɗe, wasu ƙusoshi su turo shi waje. Sai a sake.

Ƙarfin da ke cikin wannan dannawa shi ne abin da wanda bai sani ba yake rainawa. A ɗauka matsin robar a cikin mazubi ya kai kilo 300 a kan kowane murabba'in santimita, abin da ba baƙo ba ne a wannan aiki. Idan faɗin kayan santimita 30 ne sau 30, robar tana ƙoƙarin wage bakin mazubin da ƙarfin tan 270. Shi ya sa ake kiran injinan da tan: injin tan 100, injin tan 500, injin tan 1,000. Ba nauyinsu ake nufi ba, ƙarfin da suke rufe mazubi da shi ne.

Asalin dabarar tsohuwa ce. A 1872 wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, tare da ɗan'uwansa Isaiah, suka yi rajistar injin farko, wanda ke tura robar wancan zamani ta cikin bututu mai zafi da sandar turi kawai. Sukuru ya shigo ne a 1946 ta hannun James Watson Hendry, shi ma a Amurka, kuma tun daga lokacin ƙashin bayan injin bai sauya ba. Wanda ya yi aiki da injin shekarun 1970 zai gane na yau da ganin farko. To ina sabon abin yake?

Yana wajen da ido ba ya gani. Babbar matsalar wannan sana'a ba yin kofi ɗaya mai kyau ba ce, a'a, kofi na dubu ɗari ya fito daidai da na farko. Abubuwan da ke hana hakan kuwa ba sa ƙirguwa. Buhun roba na yau ya fi na jiya kauri idan ya narke. Man injin ya yi zafi da rana, ya yi sanyi da asuba, saurin turi ya sauya. Ruwan sanyaya mazubi ya ɗumama. Zoben da ke bakin sukuru ya fara cinyewa, roba tana komawa baya kaɗan-kaɗan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana barin alamarsa: kaya bai cika ba, ko ya lotsa a inda yake da kauri, ko ya karkace bayan ya huce, ko roba ta tsiyayo ta gefe sai an sa yaro ya bi da reza yana kankarewa. A da, maganin duk wannan yana kan ofareta mai gogewa. Ya ɗauki kaya ya juya shi a hannu, ya ƙara zafi kaɗan, ya rage matsi kaɗan, ya jira ya ga. Idan ya tashi aiki, na dare ya zo da nasa ra'ayin ya murɗa komai.

Sauyi na farko mai nauyi ya zo ne daga Japan a shekarun 1980, lokacin da kamfanoni irin su FANUC suka fito da injin da babu matsin mai a cikinsa, kowane motsi ƙaramin injin lantarki ne ke yin sa bisa umarnin kwamfuta. Tsohon inji, wanda man da ake matsawa ke motsa sassansa, yana da famfo da ke ta juyawa yana cin wuta ko da mazubi a rufe yake ana jiran kaya ya huce. Na lantarki ba ya jan wuta sosai sai lokacin da zai motsa, kuma idan aka ce sukuru ya tsaya a wuri kaza, nan zai tsaya sau dubu ba kuskure. Ba shi da yoyon mai, shi ya sa masu yin kayan asibiti suka rungume shi. Tsada ce matsalarsa. Daga baya aka samu tsaka-tsaki, injin mai aiki da matsin mai amma famfonsa ba ya gudu sai an buƙace shi, kuma da irin wannan kamfanin Haitian na birnin Ningbo a ƙasar Sin ya cika kasuwannin duniya, har ya zama ba wanda ya kai shi yawan injinan da yake sayarwa.

Sauyi na biyu shi ne a sa ido a cikin mazubin kansa. Kamfanoni kamar Kistler na Suwizalan da RJG na Amurka suna yin ƙananan na'urorin auna matsi da ake dasawa a bayan ramin da roba ke cikawa. Duk lokacin da aka danna, na'urar tana zana yadda matsi ya tashi, inda ya tsaya, da yadda ya sauka. An riga an san zanen kaya mai kyau. Idan na wannan karon ya kauce, tun kafin mazubi ya buɗe an san kayan ba shi da kyau, a ware shi gefe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yin sassan mota ko na'urar allurar insulin, inda aibin da ke ɓoye a ciki ba ya nunawa sai ya je hannun mai amfani.

Na uku, wanda a ganina shi ne ya cancanci surutun da ake yi, shi ne inji ya gyara kansa a tsakiyar dannawa. Mai tuƙin tuwo ba ta auna gari da sikeli. Nauyin muciya a hannunta ke gaya mata ko garin yau ya fi na jiya shan ruwa, sai ta ƙara ko ta rage tun tukunya na kan wuta. Manhajojin da Engel na Ostiriya da KraussMaffei na Jamus da sauransu suka sa wa injinansu haka suke yi. Yayin da sukuru ke turawa, injin yana jin yadda robar ke turjewa, ya kwatanta da abin da ya saba, ya gane ta yi kauri ko ta yi ruwa, sai ya sauya inda zai daina gudu ya koma ciko, da ƙarfin cikon, duk a cikin dannawa guda. Kayan da da zai fito bai cika ba, sai ya fito daidai. A tallace-tallace ana yawan liƙa wa wannan sunan ƙirƙirarriyar basira. Mafi yawansa lissafi ne na awo da gyara, wanda injiniyoyi suka daɗe da sani. Abin da ya ƙaru shi ne saurin kwamfutar da arahar na'urorin awo.

Hannun ƙarfe da ke sauka ya ɗauko kaya daga mazubi shi ne abin da 'yan kallo suka fi so, shi ake ɗauka a bidiyo. Amfaninsa na gaskiya ba wai ya fi mutum sauri ba ne kawai. Ya fi mutum daidaito. Idan mutum ne ke buɗe ƙofa yana ciro kaya, wani zagayen ya ɗauki daƙiƙa 40, wani 47 saboda ya tsaya share gumi. A waɗannan daƙiƙa bakwai mazubi ya ƙara hucewa, robar da ke bututu ta ƙara dahuwa, kaya na gaba ya fito daban. Hannun ƙarfe yana cire wannan rawar. Yana kuma raba hannun mutum da bakin abin da ke rufewa da ƙarfin ɗaruruwan tan, kuma duk wanda ya san masana'anta ya san darajar haka.

Wanda yake son ganin inda wannan hanya ta kai ya dubi kamfanin LEGO a garin Billund na Denmak, masu yin ƙananan bulullukan wasan yara. Sun samu injinsu na farko a 1947, suka yi rajistar siffar bulon a 1958, kuma bulon wancan lokaci har yau yana kama na bana ya riƙe. Domin haka ta yiwu, bambancin da aka yarda da shi bai kai kaurin silin gashi ba. A zauren injinansu roba tana zuwa ta bututu daga rumbuna, injina suna zuba kaya a akwatuna, wasu amalanke marasa direba suna zuwa su kwashe wanda ya cika su ajiye wani. Mutane kaɗan ne ke zagayawa. Amma a bayan wannan zaure akwai rundunar maƙeran mazubi da masu wanke shi da gyara shi a kan lokaci, kuma su ne ba a nunawa a bidiyo.

Nan ne ya kamata a tsaya a daɗe, domin mazubi shi ne zuciyar sana'ar. Inji kowa mai kuɗi zai iya saya. Mazubi kuwa na kaya ɗaya ne tak, ana sassaƙa shi daga ƙarfe mai tauri, yana ɗaukar makonni ko watanni, kuma mai sarƙaƙiya yana iya fin injin da zai ɗauke shi tsada. Kuskure a cikinsa ba a gogewa. Dole maƙeri ya yi ramin ya ɗan fi kayan girma, domin PP tana tsukewa da kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Dole ya san inda zai buɗe wa roba ƙofa, inda iska za ta fita, da inda kogunan roba biyu za su haɗu su bar layi mai rauni, wanda sau da yawa nan ne kaya ke fara tsagewa. A da sai an sassaƙa an gwada ake gane an yi kuskure. A 1978 wani injiniya mai suna Colin Austin ya kafa Moldflow a birnin Melbourne na Ostireliya, manhajar da ke nuna a allon kwamfuta yadda roba za ta gudana cikin mazubin da ba a riga an ƙera ba. Kamfanin manhaja na Autodesk ya saye ta a 2008, kuma tana da kishiyoyi irin su Moldex3D ta Taiwan. Yau babban kamfani ba ya taɓa ƙarfe sai ya ga kayansa ya cika ya huce a kwamfuta.

Hucewar ma ita ce ke cinye lokaci. A yawancin kaya, fiye da rabin zagaye jira ne kawai, ana jiran roba ta sandare. Ramukan ruwa da ake hudawa da diril miƙaƙƙu ne, alhali kaya yana da lungu da lanƙwasa, sai wani wuri ya huce wani yana nan da zafi. Yanzu ana iya gina sassan mazubi daga garin ƙarfe da hasken lesa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, ramin ruwa ya bi siffar kayan yadda take. Lissafin ribar a fili yake. Injin kujera da ke fitar da ɗaya a daƙiƙa 60 zai yi 1,440 a awa 24. Idan aka rage zuwa daƙiƙa 54, zai yi 1,600. Kujeru 160 ke nan a kullum ba tare da ƙarin inji ko ma'aikaci ba. Masu murfin gora sun fi kowa sanin wannan: mazubi mai ramuka 48 da ke buɗewa duk daƙiƙa 5 yana zubar da murfi 34,560 a awa ɗaya, don haka rabin daƙiƙa a wajensu kuɗi ne.

Sai maganar haɗa injina da intanet, wadda aka fi yi wa ganga. Jamusawa ne suka raɗa mata suna juyin masana'antu na huɗu a bajekolin Hannover na 2011, kuma a bajekolin roba mafi girma, wanda ake kira K, da ake yi duk shekara uku a birnin Dusseldorf na Jamus, kowace rumfa da irin allon da take nunawa. Akwai abu mai amfani a ciki. A 2018 ƙungiyar masu ƙera injinan roba ta Turai ta fitar da ƙa'idar EUROMAP 77, domin injin kamfani kaza da na kamfani kaza su aika bayanansu ga kwamfutar masana'anta da harshe ɗaya. Manaja ya san wane inji ne ya tsaya, tun yaushe, saboda me, da wutar da kowane kilo na roba ya ci. Idan kaya ya dawo daga kasuwa da aibi, a gano daren da aka yi shi da buhun da aka yi amfani da shi. Sai dai allo ba ya gyara komai da kansa. Masana'antar da ba ta da wanda zai duba lambobin ya tashi ya je ya buɗe inji, ta sayi agogon bango mai tsada ne kawai.

Wani abin da ke tura wannan fasaha gaba ba son ƙirƙira ba ne, doka ce. Tarayyar Turai ta wajabta cewa daga Yulin 2024 murfin gorar abin sha ya zama a maƙale da gorar bayan an buɗe, abin da ya tilasta wa kamfanoni sake ƙera mazubai masu ɗimbin yawa. Ta kuma sa ƙa'idar yawan tsohuwar roba da za a haɗa a sababbin gorori. Tsohuwar roba kuwa ita ce uwar rashin daidaito: an taɓa dafa ta, an haɗa iri daban-daban, wani buhun da datti wani da laima. Ga inda injin da ke jin kauri ya gyara kansa yake biyan kuɗinsa. Duk da haka fasaha tana da iyaka. LEGO ɗin nan, da duk ƙwarewarsu, sun nuna samfurin bulo daga tsofaffin gorori a 2021, sai a Satumbar 2023 suka sanar sun janye, domin sauye-sauyen da aikin ke buƙata a masana'anta ba za su rage hayaƙin da suke fitarwa ba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, saboda Kano gari ne na masana'antun roba. A Sharaɗa, Challawa da Bompai ana zuba bokitai, kwanuka, kujeru da sauran kayan gida da ke tafiya har Nijar, Chadi da Kamaru. Kuma tun kafin Turai ta kafa doka, tsohuwar roba ta zama abincin injina da yawa a nan: 'yan jari-bola su tsinto, a ware, a niƙa, a wanke, a sayar wa masana'anta. Wato matsalar da waɗancan manhajoji suka zo warwarewa, mu ne muka fi kowa fama da ita. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Injin zuba roba ba ya son tsayawa. Idan aka ɗauke wuta yana tsakar aiki, robar da ke bututu ta daskare, sai an sake dumama ta, a zubar da wadda ta lalace, a yi ta fitar da kaya marasa kyau har zafin mazubi ya koma daidai. Na lantarki zalla kuma, wanda ya fi kowanne tsimin wuta, shi ne ya fi jin jiki idan wuta tana hawa da sauka, kuma allon da ya ƙone a cikinsa ba a samun sa a Sabon Gari, sai an yi oda da dala. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, ga dizal, ga faɗuwar naira tun 2023. Tsadar wuta tana cewa a sayi inji mai tsimi, rashin tsayuwarta yana cewa a yi hattara.

Don haka idan mai masana'anta a Sharaɗa yana da kuɗin abu ɗaya, ba hannun ƙarfe zan ce ya fara saya ba. Inda albashi yake ƙasa, hannun ƙarfe yana daɗewa bai mayar da kuɗinsa ba, sai dai a kaya masu sauri ko masu buƙatar tsafta. Abin da ke biya da wuri ƙanana ne marasa armashi: wuta mai tsayawa, injin sanyaya ruwa da ke riƙe zafi ɗaya dare da rana, mita a kan kowane inji, sikeli da ake auna kaya da shi duk awa a rubuta, da takardar saiti ga kowane mazubi domin na dare kada ya rushe abin da na rana ya gina. Wanda bai san yawan kayan da yake mayarwa injin niƙa a mako ba, babu manhajar da za ta cece shi.

A ɓangaren ɗanyen kaya an samu motsi. Masana'antar Eleme da ke jihar Ribas, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, ta daɗe tana samar da ƙwayoyin roba, kuma a 2025 matatar Dangote ta fara fitar da PP. Inda giɓin ya fi faɗi shi ne mazubi. Masu nagarta mafi yawa daga waje ake kawo su. Gundumar Huangyan a birnin Taizhou na ƙasar Sin ta yi suna a mazuban kujera, bokiti da kwando, garin Marinha Grande na Fotugal kuma yana ƙera wa kamfanonin motocin Turai. Duk wuraren biyu ba da manyan kamfanoni suka fara ba, da ƙananan maƙeru ne da suka taru a gari ɗaya, yaro ya koya ya buɗe nasa. Muddin mazubi daga waje yake zuwa, siffar kayan ma daga waje take zuwa, kuma mai sabuwar dabara a Kano sai ya jira jirgin ruwa kafin ya ga ko dabararsa za ta yi aiki.

Maganar ayyukan yi ba a rufe ta da kalamai masu daɗi. Masu tsayawa bakin inji suna ciro kaya, masu kankare gefe, masu ƙirga da jerawa, su ne aikinsu ke fara tafiya duk inda injina suka samu daidaito, kuma su ne mafi yawa a masana'antunmu. Waɗanda ake nema ido rufe su ne mai saita inji da ya san dalilin kowane lamba, mai gyaran allon lantarki, da mai sassaƙa ƙarfe da injin da kwamfuta ke tuƙawa. Irin waɗannan ba a horar da su a wata uku, kuma ɗalibin kwalejin fasaha da bai taɓa kwance mazubi ya ga ramukan ruwansa ba, sai masana'antar da ta ɗauke shi ta sake koya masa daga farko, ko ta ɗauko wani daga Indiya ko Sin ta biya shi da dala.